Dalar Amurka da dalar gyaɗa: yadda aka yi rabon bashin Yaƙin Duniya na Biyu

Ran 29 ga Disamba 2006, zamanin Tony Blair yana firaminista, baitulmalin Ingila ya tura wa Amurka kuɗi wajen dala miliyan 83, kuma da wannan aka rufe littafin wani bashi da aka ci tun 1945. Shekara 61 kenan. Waɗanda suka sa hannu a takardar duk sun mutu, jikokinsu ne suka ƙarasa biya. Kuma fa ba bashin abokin gaba ba ne, Ingila ce, wadda sojojinta suka kwana rami ɗaya da na Amurka suka yaƙi Hitila tare.

Abin da ya sa na tono wannan magana, duk lokacin da aka ga wata ƙasa ta wargaje sai ka ji ana cewa a yi mata irin shirin Marshall, wato tallafin da Amurka ta ba Turai don sake gina ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an faɗa a kan Afirka, an faɗa a kan Yukren, ana faɗa a kan Gaza, kamar dai wata rana ce Amurka ta tashi da safe tausayi ya kama ta ta buɗe taska. Ba haka aka yi ba sam. Shekara uku aka kwashe ana ja-in-ja a Washington, kuma abin da suka fara yi wa ƙawayen nasu kafin a kai ga shirin Marshall ɗin, wallahi ko ɗan kasuwar da bai san ka ba sai haka.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane zafin kan 'yan majalisar Amurka. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sun ba Turawa bashi mai yawa, da tattalin arzikin duniya ya karye a farkon shekarun 1930 kowa ya daina biya, har Ingila, in ban da Finland da ta ci gaba da cika alkawari. Abin ya tsaya musu a rai har suka yi doka a 1934 ta hana ba duk ƙasar da ta ƙi biya wani sabon bashi. To sai ga yaƙi na biyu ya zo, ƙarshen 1940 aljihun Ingila ya kusa ƙarewa, firaministan Ingila Churchill ya rubuta wa shugaban Amurka Roosevelt cewa nan gaba kaɗan ba za su iya biyan kuɗin makamai ba. Roosevelt mutum ne mai wayon magana, a watan Disamba na shekarar ya tara 'yan jarida ya ba su misali, ya ce in gidan maƙwabcinka ya kama da wuta kana da tiyon ban ruwa, ai ba za ka tsaya kana cewa sai ya biya ka dala 15 kuɗin tiyo ba, ba shi za ka yi, in wuta ta mutu ya dawo maka da abinka. Sanata Robert Taft na jihar Ohio ya mayar masa da cewa aron kayan yaƙi kamar aron cingam ne, wa zai so a dawo masa da shi bayan an tauna. Duk da haka doka ta wuce a watan Maris 1941, ita ce ake kira Lend-Lease, wato aro da haya, kuma kafin yaƙi ya ƙare kayan da Amurka ta tura sun kai na dala biliyan 50, wajen biliyan 31 Ingila da ƙasashen da ke ƙarƙashinta, wajen biliyan 11 Tarayyar Sobiyet.

Amma ka ga misalin tiyon nan, a cikinsa tarkon yake. Tiyo don wuta aka ba ka. Ba wanda ya ce in wutar ta mutu zai taya ka sake rufin ɗaki. A watan Afrilu 1945 da majalisa ta zo sabunta dokar sai da ta rubuta ƙarara cewa ba a yarda a yi amfani da ita wajen gina ƙasashe bayan yaƙi ba. Kwanaki kaɗan Roosevelt ya rasu, mataimakinsa Truman ya hau. Jamus na miƙa wuya a watan Mayu aka kawo masa takardar rage kayan, ya sa hannu, shi da kansa daga baya ya ce bai karanta ba, sai ga jiragen ruwa da suka riga suka yi nisa a teku ɗauke da kayan Rasha an yi musu waya su juyo gida. An janye umarnin cikin 'yan kwanaki, amma shugaban Sobiyet Stalin bai manta ba, da wakilin Truman Harry Hopkins ya je Mosko ƙarshen watan sai da ya yi masa ƙorafin abin. Japan na sallamawa a watan Agusta kuma aka datse shirin gaba ɗaya, ba wani dogon gargaɗi.

Ingila ta ci yaƙi amma ta fito tsirara. Ta sayar da kadarorinta na ƙasashen waje na sama da fam biliyan 1, kayan da take fitarwa sun koma kamar kashi ɗaya cikin uku na kafin yaƙi, ana bin ta wajen fam biliyan 3.5, mafi yawa ma ƙasashen da take mulka ko take da iko a kansu ne ke bin ta, Indiya kaɗai ta haura biliyan 1. Ga sabuwar gwamnatin Leba ta Clement Attlee da ta hau a watan Yuli da alkawarin asibiti kyauta da gidaje. Sai suka tura John Maynard Keynes, babban masanin tattalin arzikinsu, ya je Washington a watan Satumba. Shi Keynes ya tafi da yaƙinin cewa bakinsa zai yi masa aiki, zai tuna wa Amurkawa cewa Ingila ta fi shekara biyu tana yaƙin kafin su shigo, don haka kyauta ya kamata a ba ta ta dala biliyan 5 zuwa 6, ko a ƙalla bashi mara ruwa. Waɗanda ya tarar a teburin ba su zo jin tarihi ba. Fred Vinson, sakataren baitulmali, tsohon ɗan majalisa ne daga Kentucky, lissafinsa ɗaya ne, me majalisa za ta iya haɗiyewa. Will Clayton kuwa hamshaƙin ɗan kasuwar auduga ne daga Texas, shi abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne shingen da Ingila ta yi wa daularta tun yarjejeniyar Ottawa ta 1932, inda kayan Ingila ke shiga da rangwame na Amurka kuma da haraji mai nauyi. Wata uku ana abu ɗaya. Ran 6 ga Disamba 1945 aka sa hannu a kan bashin dala biliyan 3.75, ruwa kashi 2 cikin 100, biya cikin shekara 50 daga ƙarshen 1951. Kanada ta ƙara nata biliyan 1.25.

A yi adalci dai, ruwan kashi 2 ba tsada ba ne, kuma kayan aron nan na biliyoyi an yafe su kusan duka, dala miliyan 650 kawai aka ce a biya. Inda gizo ke saƙar shi ne sharaɗin da aka liƙa: shekara ɗaya bayan bashin ya fara aiki, dole Ingila ta bar duk wanda ya samu fam ta hanyar ciniki ya canza shi zuwa dala in ya ga dama. Keynes ya koma gida a gajiye da ciwon zuciya, ya rasu a watan Afrilu 1946, bai ma ga majalisar Amurka ta amince ba. Don ita ma majalisar sai da ta ja rai har Yuli. Wasu na cewa me ya sa za mu ba gwamnatin da ke ƙwace ma'adinan kwal da Bankin Ingila daga hannun 'yan kasuwa kuɗinmu, wasu na cewa kuɗin riƙe mulkin mallaka za mu ba su, wasu kuma haushin Ingila suke ji a kan maganar Falasɗinu. A Majalisar Dattawa 46 da 34 aka tashi, ka ga ba wani rinjaye ba ne na a zo a gani. Kuma abin da ya taimaka aka samu hakan ma ba tausayin Ingila ba ne, a tsakanin nan ne rigimar janye sojojin Rasha daga Iran ta taso, Churchill kuma ya yi jawabinsa na labulen ƙarfe, inda ya yi gargaɗi a kan Rasha, a garin Fulton na Amurka a watan Maris.

Ran 15 ga Yuli 1947 sharaɗin canjin ya fara aiki. Mu da muka san yadda ake rububin dala duk ranar da aka ji babban banki ya saki, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Duk mai fam a duniya ya taho canji, dalolin bashin suka riƙa zuba kamar ruwa a kwando, ran 20 ga Agusta aka dakatar da abin. Sati biyar kacal.

A gefe guda kuma ana wata rigimar a kan Jamus, kuma ita ce ma ta fi nuna yadda gwamnatin Amurka ta kasu. Henry Morgenthau, wanda ya riƙe baitulmali kafin Vinson, shawararsa ita ce a kwance masana'antun Jamus, a toshe ramukan kwal na yankin Ruhr, a mayar da ƙasar ta manoma da makiyaya don kar ta sake ɗaga kai. A taron Quebec na Satumba 1944 har Roosevelt da Churchill sun sa hannu a kan wani abu mai kama da haka. Henry Stimson na ma'aikatar yaƙi da Cordell Hull na harkokin waje suka ce ba su yarda ba, maganar ta fita jaridu, Roosevelt ya ja baya, amma ƙanshinta ya zauna a cikin umarnin da aka ba sojojin mamaya cewa kar su ɗaga yatsa don farfaɗo da tattalin arzikin Jamus. To matsalar ita ce kafin yaƙi kwal da ƙarfe da injinan Jamus ne ke juya masana'antun maƙwabtanta, ita kuma take sayen kayan lambun Holan da na Italiya. Ka danne ta, ka danne su. Ingila da ke riƙe da yankin Ruhr ta koma tana kashe 'yan dalolin da ta ciyo bashi wajen sayen alkama ta ciyar da Jamusawan da ta gama yaƙa, har ta kai a watan Yuli 1946 aka fara rabon burodi da kati a Ingila, abin da ko lokacin da bama-bamai ke sauka a Landan ba a yi ba. Tsohon shugaba Herbert Hoover da Truman ya aika ya duba, ya dawo a watan Maris 1947 ya ce ba yadda za a mayar da Jamus ƙasar noma sai dai in za a kashe ko a kwashe mutum miliyan 25.

Sai hunturun farkon 1947 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage, ƙanƙara ta rufe hanyoyin jirgin ƙasa, kwal ya kasa fita, masana'antu suka tsaya. Ran 21 ga Fabrairu ofishin jakadancin Ingila ya kai wa ma'aikatar harkokin wajen Amurka takarda cewa daga ƙarshen Maris ba za su iya ci gaba da ɗaukar nauyin Girka da Turkiyya ba, a Girka kuwa yaƙin basasa ake da 'yan kwaminis. Matsalar Truman ita ce 'yan Rifablikan masu adawa da shi sun lashe majalisun biyu a zaɓen 1946 da alkawarin rage haraji da rage kashe kuɗi. Da aka kira shugabanninsu fadar White House, George Marshall, sabon sakataren harkokin waje, ya yi bayani a natse irin na soja, ba wanda ya motsa. Mataimakinsa Dean Acheson ya karɓa, ya ce Girka kamar ruɓaɓɓen tuffa ce a cikin ganga, in ta tafi sai ta shafi Iran da Masar da Italiya da Faransa. Nan take yanayin ɗakin ya canza. Ana cewa Sanata Arthur Vandenberg na Rifablikan ya gaya wa Truman in yana son kuɗin nan sai ya tsorata Amurkawa sosai. Ran 12 ga Maris Truman ya je majalisa ya yi hakan, ya samu dala miliyan 400.

Ni a ganina nan ne maganar ta juya. Yunwar Turai tana nan tun 1945, zumuncin yaƙi ma yana nan, Keynes ya yi ta jan su a kansa ba su ji ba. Abin da ya ƙaru a 1947 shi ne 'yan kwaminis na samun kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye na ƙuri'u a Faransa, a Italiya ma suna da ƙarfi sosai, ga kuma lissafin Clayton, wanda ya zagaya Turai ya dawo a watan Mayu ya rubuta cewa in Turawa suka rasa dalar sayen kaya, manomin alkama da na auduga da ma'aikacin masana'anta a Amurka su ma za su ji a jikinsu. Mutumin da ya matse Keynes shi ne yanzu yake cewa a ba da kyauta.

Jawabin Marshall na ran 5 ga Yuni 1947 a jami'ar Harvard gajere ne, bai ambaci ko sisi ba, cewa kawai ya yi Turawa su haɗu su kawo tsari Amurka za ta duba. Ernest Bevin, ministan wajen Ingila, a rediyon BBC ya ji, bai jira wata wasiƙa ba ya nemi takwaransa na Faransa Georges Bidault. Har Rasha aka gayyata, kuma wannan caca ce, don da Stalin ya ce ya shiga da wuya majalisar Amurka ta ba da ko kwabo. Molotov, ministan wajen Rasha, ya zo taron da aka kira a Paris, da ya ji sai kowace ƙasa ta buɗe littafin tattalin arzikinta a yi tsari tare, ran 2 ga Yuli ya tattara ya fice. Cekoslobakiya ta riga ta ce za ta halarta, aka kira shugabanninta Mosko, suka dawo suka janye. Ƙasashe 16 suka rage, suka fara lissafo wajen dala biliyan 29, Amurkawa suka ce haba, suka sauko 22, Truman ya kai wa majalisa 17. Sunan ma da gangan ya bar wa Marshall, ya san duk abin da aka liƙa wa sunan Truman a wannan majalisar ba zai kai labari ba.

Duk da haka sai da aka yi wata da watanni. Taft na so a zaftare kuɗin shekarar farko, Henry Wallace tsohon mataimakin shugaban ƙasa yana suka daga ɗaya ɓangaren cewa shirin raba duniya biyu ne. Wani kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Christian Herter ya je Turai ya gani da ido, a cikinsu har da wani sabon ɗan majalisa Richard Nixon, wanda mutanen mazaɓarsa ba sa son shirin amma ya dawo yana goyon baya. Vandenberg ya yi ta gyare-gyare don jawo 'yan jam'iyyarsa: ba za a ba da na shekara huɗu a dunƙule ba, duk shekara sai an dawo majalisa, kuma ba ma'aikatar harkokin waje za ta riƙe kuɗin ba, hukuma ce daban, aka ɗora Paul Hoffman shugaban kamfanin motoci na Studebaker a kanta. Masu jiragen ruwa suka samu nasu, rabin kayan dole a jiragen Amurka za a ɗauka. Ana cikin haka 'yan kwaminis suka ƙwace mulki a Prague, babban birnin Cekoslobakiya, a watan Fabrairu 1948, ran 10 ga Maris aka tsinci gawar ministan waje Jan Masaryk a farfajiyar ma'aikatarsa, ƙasan tagar banɗakinsa. Cikin kwana huɗu Majalisar Dattawa ta amince 69 da 17. Truman ya sa hannu ran 3 ga Afrilu, sati biyu kafin zaɓen Italiya.

Yadda kuɗin ke aiki shi ne abin da mutane ba su cika sani ba. Ba tsabar dala ake miƙa wa gwamnati ba. A ce manomi a Faransa yana son tarakta ƙirar Amurka, gwamnatin Amurka ce za ta biya kamfanin a can gida da dala, tarakta ta iso, shi manomin ba kyauta zai ɗauka ba, zai biya cikakken kuɗinta da faran, kuɗin Faransa na lokacin, faran ɗin ya shiga wani asusu na musamman wanda gwamnatin Faransa ba ta taɓa shi sai da yardar jami'an Amurka. Dala ɗaya ta yi aiki sau biyu kenan, kuma Amurka ta samu bakin magana a kasafin kuɗin ƙasar. Faransa ta zuba nata a wutar lantarki da reluwe da ƙarfe, Ingila ta rage bashin cikin gida da nata, Jamus ta Yamma ta sa nata a bankin KfW yana ba da rance ana dawowa da shi, bankin yana nan har yau. Jimilla wajen dala biliyan 13 zuwa 1952, Ingila ta fi kowa samu da sama da biliyan 3, sai Faransa, Jamus ta Yamma wajen biliyan 1.4. In ka auna da girman tattalin arzikin ƙasashen bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 a shekara ba, shi ya sa masana har yau suke gardamar ko shi ya tayar da Turai. Injiniyoyi da ma'aikata da kotuna da bankuna duk suna nan, dalar sayen alkama da mai da kayan gyara ce babu.

Akwai kuma waɗanda ba a gayyata Paris ba amma suna cikin lissafin. Bayan abin kunyar canjin fam na 1947, gwamnatin Attlee ta juyo kan ƙasashen da take mulka gadan-gadan. Robar Malaya da kuzarta da kokon Gwalkwas, wato Gana ta yau, ana sayar wa Amurka, dalar ta wuce asusun Landan, su kuma a rubuta musu fam. Gyaɗa aikinta daban, Ingila na fama da ƙarancin man girki, duk buhun da ya fito daga ƙasar da ake biya da fam ya rage mata dalar da za ta kashe. Garin wannan haɗamar suka je Tanganyika noman gyaɗa da buldoza a 1947 suka yi asarar sama da fam miliyan 30, suka gwada wani a Mokwa shi ma bai je ko'ina ba. Wanda ya yi aiki shi ne manomin Kano da Katsina da fartanyarsa. A 1949, shekarar da aka karya fam daga dala 4.03 zuwa 2.80, aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Najeriya, ita kaɗai ke da ikon fitarwa, ita ke yanka farashi, kuma farashin na ƙasa da na kasuwar duniya sosai. An ce rarar ajiya ce don ranar da kasuwa ta faɗi. Kafin 1954 rarar hukumomin koko da gyaɗa da auduga da manja ta haura fam miliyan 100, kaso mai yawa kuma a Landan aka ajiye shi cikin takardun bashin gwamnatin Ingila. Wato a shekarun da Ingila ke karɓar tallafin Marshall, talakan da ya kai gyaɗarsa sikeli a kan jaki yana ba ta rance bai sani ba, wataƙila ma ɗansa bai daɗe da dawowa daga yaƙin Bama ba.

Dalar gyaɗar nan da muke sawa a hoto muna alfahari, wani ɓangare na dalilin tsayinta shi ne reluwe ta fito daga yaƙi da tsofaffin injina da ƙarancin taragu, ba ta iya kwashe amfanin shekara zuwa Legas kafin na wata shekarar ya iso. Buhuna na zaune a Kano an lulluɓe da tamfol ƙwari na ci, a Landan kuma ministoci na ta rubuce-rubuce a kan yadda za a samo injinan jirgin da za su jawo ta.